Auta Ba Kayanki Ba Ce

Dokki, Alƙahira
Safiyar Laraba

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai taga, kin ci abinci mai zafi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba. Mamanki tana gaishe ki, duk da cewa yanzu da nake rubutun nan a baranda kina ɗaki kina faman danne akwati, ita kuma tana tsaye a kanki tana cusa miki kuka da daddawa kamar za ki ƙasar da ba a ɗora tukunya.

Na san abin da zai faru. Za ki buɗe bututun nan da muke naɗe zane a ciki, kina tsammanin ganin Auta, sai ki tarar da wasiƙa kawai. Kada ki ce tsufa ya fara taɓa Abba. Da gangan na yi. Kin roƙe ni in ba ki zanen ki tafi da shi wurin sabon aikinki, na ce to, saboda ban iya ce miki a'a ido da ido ba. A takarda na fi jarumta.

Kin san Auta tun kafin ki san karatu, amma bari in faɗe ta yadda take, don mun daɗe a gidan nan muna maganarta kamar mutum. Auta hanyar tseren motoci ce da na zana don duwatsun garinmu Dutse, kuma ba a taɓa zuba mata kwalta ko cikin cokali ba. Mamanki ce ta raɗa mata suna. Ta ce ke da yayanki Sadiƙ kun girma an yaye ku, ban da wannan da kullum tana kan cinyata. Kina ƙarama kika yi min alƙawarin za ki gina min ita. Yanzu ga shi kin gama karatun zanen gine-gine, kamfanin da ke zana filayen tsere ya ɗauke ki, za ki haye teku. Mutane sai taya ni murna suke, ni kuwa tsoro nake ji. Tsorona ɗaya ne, Ummi: kada ya zama alƙawarin nan ne ke tafiya da ke, ba son ranki ba.

Ki yi haƙuri da surutuna. Zan ba ki labarin wuraren da na yi tuntuɓe a wannan sana'a, in Allah Ya so kafin in ƙare za ki gane dalilin da ya sa na hana ki zanen.

Ni da na zo Masar ba zane ya kawo ni ba. Kakanki Malam ne ya turo ni karatun addini, da niyyar in koma in gaje shi a zauren da yake ba da karatu. Muna zaune a Abbasiya, can saman wani tsohon bene, mu ɗalibai daga Kano da Sakkwato da Maraɗi, muna cin wake da gurasa safe da yamma har muka fara kama da juna. Ba zan yi wa fiƙihu ƙarya ba, ina son sa. Amma akwai wata gada ta sama da ƙaramar bas ke bi da mu, inda hanya ke lanƙwasa a hankali tana hawa. Duk lokacin da muka zo wurin sai jikin kowa ya karkata gefe guda, tsoho da yaro, mai kuɗi da talaka, gari ya juya a ƙasanmu da hasumiyoyinsa da shanyar kayansa. Sauran fasinja ba sa ko ɗaga kai. Ni kuwa sai in ji wani abu ya buɗe a ƙirjina, in riƙa tambayar kaina, wane ne ya zauna ya yanke cewa a nan za mu karkata? Daga nan na fara zana kwanar hanya a gefen littattafaina.

Wata Juma'a bayan salla wani abokinmu ya ja mu bakin hamada, inda samari ke tsere da ƙananan motoci. Abokaina suna kallon motocin suna ihu. Ni hanyar nake kallo. Baƙar igiya ce shimfiɗe a kan rairayi, ba ta zuwa kowane gari, ba ta kai kowa kasuwa, inda ta fara nan take ƙarewa. Zafi yana tashi daga kanta har tana rawa kamar ruwa. Na tsaya a wurin da warin taya a hancina, na san na shiga uku.

Na sauya karatu ban gaya wa kowa a gida ba. Idan Malam ya tambaye ni a waya, ya karatu, sai in ce karatu alhamdu lillahi. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, irin dabarar nan ta ɗalibin da ya san fiƙihu rabi. Haka aka yi shekaru. Da na je hutu daga baya, ya shimfiɗa min buzu kusa da nasa, ya ce gobe ni zan karɓi karatun safe. A nan na faɗa masa. Na sa ran faɗa, har na shirya hujjoji. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Ashe duk shekarun nan a kan hanyar da ba ka bi nake ta raka ka da addu'a. Da ka faɗa min, ai da na san inda zan aika ta."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Don haka, Ummi, duk inda kike a zuciyarki, ki gaya mana da wuri. Ko ba za mu ji daɗi ba, ki faɗa. Ba a son iyaye su yi ta addu'a a ƙofar gidan da ɗansu ya riga ya tashi.

Aikina na farko a wani ofishi ne a nan Dokki, ƙarƙashin wani dattijo Bamisre da muke kira Bashmuhandis, wato babban injiniya. Gajere ne, mai yawan shan shayi, mai ƙarancin yabo. Bayan na daɗe ina zana wa wasu magudanar ruwa da wurin ajiye motoci, sai ya ba ni ƙaramar hanya a hamada ya ce in zana ta ni kaɗai. Na zuba mata duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Aka gina ta. Ranar da aka buɗe, direbobi suka yi ta zagayawa, da suka fito suka cire hular kwano sai ga kowa riƙe da wuya kamar wanda ya yi dakon buhun gero daga kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ya zo wurina yana juyowa da jikinsa gaba ɗaya, ya ce, "Ya ustaz, me wuyana ya yi maka?"

Ashe na zana hanyar tana zagayawa ta hagu. Duk filayen da waɗannan direbobi suka saba da su ta dama suke juyawa, yadda hannun agogo ke tafiya, wuyansu ya ƙarfafa ta gefe guda. Ni kuma na zo na juye musu duniya. Wannan ba laifi ba ne a sana'armu, akwai hanyoyi masu kyau da ke bin hagu. Laifina shi ne da Bashmuhandis ya ajiye kofin shayi ya ce, "Tamam. Amma don me hagu?" sai na buɗe baki na rasa amsa. Ban zaɓa ba. Hannuna ne ya tafi, na bi shi.

Sai bayan kwanaki ina wucewa ta gaban wani shagon shayi da azahar, na hango talabijin ana nuna masu ɗawafi, farin taro yana juyawa a hankali, Ɗakin Allah a hagunsu. Na tsaya a tsakiyar titi har wani mai tasi ya zage ni. Na taɓa yin umara ina ɗalibi, kuma wannan ce kaɗai da'irar da jikina ya taɓa sani da gaske. Na bar zauren Malam, amma zauren bai bar hannuna ba. Na yi dariya, na kuma yi ƙwalla, a gaban wani mai sayar da lemo.

Shawarata a nan ita ce, duk lokacin da hannunki ya nufi wani gefe a kan takarda, ki dakata ki tambaye shi wa ya aike shi. Wataƙila ke ce. Wataƙila malaminki ne na jami'a. Wataƙila kuma ni ne, don na daɗe ina riƙe miki fensir. Idan kin duba kin ga abin ya yi miki, ki ci gaba da shi, ya zama naki. Abin da ba na so shi ne a tambaye ki don me, ki yi tsuru-tsuru irin na ubanki.

Tun da ana maganar dariya, kin san yadda nake tuƙi. Mamanki takan ce, "Ga mai zana wa mutane hanyar gudu, amma mai keken gurasa da faranti a ka yana wuce shi yana masa sannu." Gaskiya ce, kuma ban ji kunya ba, sannu ba ta hana zuwa. Saboda ban iya gudu ba, duk hanyar da na zana sai na taka ta da ƙafa tun tana fili, da hantsi da la'asar, in ga inda rana ke faɗowa a ido, in ji inda iska ke kwaso rairayi. Ke ma ki yi haka, kada na'ura ta ruɗe ki. Ki sa takalmi mai ƙarfi, ki gaida ma'aikata da sunansu, ki sha ruwa. Za ki tarar da maza da yawa da za su ɗauka kin zo kawo takarda ne. Kada ki ɓata bakinki, aikinki zai gabatar da ke.

Yanzu ga wanda ba na son faɗa.

A bayan kowace kwana mai wuya akan bar fili mai faɗi a zuba masa tsakuwa, don idan direba ya makara wajen taka birki, mota ta shiga ciki ta rage gudu ta tsaya. Bashmuhandis ba ya kiran wurin da sunansa na littafi. Ma'alish yake ce masa, kalmar nan da Misrawa ke faɗa idan an taka maka ƙafa ko an zubar maka da shayi, wato ba komai, a yi haƙuri. Zai duba zanenka ya sa yatsa ya ce, "Ina ma'alish ɗin wannan kwana?" Ni kuwa a lokacin na tsani wurin. Ba shi da kyau, yana nisanta 'yan kallo, yana ɓata layi. Ina ganin kamar an ɗinka riga mai kyau an bar mata yadi yana ja a ƙasa.

Aka ba mu wata hanya a gefen wata tsohuwar gonar dabino. Gonar tana da katangar tubali ta zamanin da, bishiyoyin sun leƙo ta samanta, da la'asar inuwarsu takan kwanta a ƙasa tsiri-tsiri. Tun ranar da na gani na ƙudurta sai motoci sun bi ta ƙarƙashin wannan inuwa. Don haka na matso da kwanar jikin katanga, na rage ma'alish. Bashmuhandis ya tsufa a lokacin, ya fara barin mana abubuwa. Ya yi gardama, na kawo masa lissafi. Lissafin daidai yake, in dai direba bai yi kuskure ba. Ya dube ni ya ce, "Khalas, shi ke nan, hanyarka ce."

An yi wata da watanni ana yabon kwanar, har hotonta ake ɗauka. Sai wata rana wani saurayi mai suna Karim ya makara da birki. Tsakuwar da na bar masa ba ta isa ba. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ba ta koma daidai ba, bai sake tsere ba. Na je asibiti duba shi. Mahaifiyarsa ba ta san ko ni wane ne ba, ta tashi ta ba ni kujerarta, ta zuba min shayi. Karim kuwa ya san ni. Na fara ba shi haƙuri, sai ya ɗaga hannu ya kira ni baffa da Larabcinsu, ya ce, "Ya ammu, kwanar tana da kyau ƙwarai. Kallonta nake yi."

Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa har yau maganar ba ta bar ni ba. An rushe katangar, an faɗaɗa filin, dabinon ma an sare wasu. Na rasa kyan da na yi rowar fili dominsa, yaron kuma ya rasa ƙafa. Ummi, idan za ki zana kwana, kada ki zana wa gwani a ranar da ya tashi da sa'a. Ki zana wa wanda bai yi barci sosai ba, wanda aka ɓata wa rai a gida, wanda wani abu ya ɗauke masa ido na ƙiftawa ɗaya. Duk wanda ya ce ki rage filin nan don kyau ko don sauri, ko shi ne mai kamfanin, ki ce a'a, ki sake cewa a'a.

Abin kunyar shi ne na koyi wannan darasi a kan kwalta ban kawo shi gida ba. Ke da Sadiƙ na rene ku babu ma'alish. Idan kin zo ta biyu a aji, tambayata ita ce wa ya zo na ɗaya. Kin tuna, ni ma na tuna. Ki sani daga yau, idan aiki ya ƙi, idan an sallame ki, idan kawai kin gaji, gidan nan yana nan, kuma ba wanda zai tare ki a ƙofa da tambaya. Mamanki ta ce in rubuta cewa ita za ta tabbatar da hakan.

To, mu zo kan Auta.

Wani hutu ne bayan damina na je gida, na hau duwatsun bayan gari da hantsi. Ko'ina kore shar, ruwa ya taru a kwarmin duwatsu, ƙadangaru suna shan rana. Na bi wata 'yar hanyar awaki ba da niyyar komai ba. Sai na ga tana yin abin da na yi shekaru ina nema a takarda. Ta faro daga cikin dabino a miƙe, ta ɗan karkata, ta hau tsakanin wasu manyan duwatsu biyu da suka tsaya kamar ƙofar gari. Idan ka kai wurin ba ka ganin komai a gabanka sai sama. Ka yi imani kawai cewa akwai hanya a bayan tudun. Sannan ta zubo da kai fadama a lanƙwasa ɗaya doguwa, mai taushi, irin wadda ba ka so ta ƙare. Na zauna a kan dutse na rufe ido, na ji ƙarar motoci tana dukan duwatsu tana dawowa. Na ga mutanen garinmu zaune a kan duwatsun nan ba tare da an gina musu rumfa ba, mata da ƙwaryar fura, tsofaffi suna gardamar wa ya fi iya kwana. Na ga Malam a cikinsu, alhali ya riga ya rasu, yana riƙe da carbi yana kallon abin da ɗansa ya je ya koyo.

Na dawo Alƙahira na zana ta, na sake zana ta. Na kai ta ofisoshi a ƙasarmu, na sha shayin mutane, na ji "za mu duba" har na haddace muryoyinsu. Na san ƙasarmu tana da buƙatun da suka fi filin tsere, ba sai an gaya min ba. Amma mai mafarki ba ya jin kira. Ranar da wanda na fi sa rai a kansa ya ce min a waya in cire rai, na dawo gida da la'asar na zauna a ƙasan falo da zanen a gabana, ban ko cire takalmi ba. Lokacin kina famfara, haƙoranki na gaba duk sun zube. Kika zo kika ɗora tafin hannunki a kaina yadda Mamanki ke muku idan kuna zazzaɓi, kika ce, "Ma'alish ya Abba. Idan na girma ni zan gina maka."

Abin da uba mai hankali zai yi shi ne ya yi dariya, ya ɗauke ki ya sayo miki alewa, magana ta wuce. Ni kuwa na kama maganar nan na riƙe ta da hannu biyu. Duk baƙon da ya zo sai na kira ki, "Ummi, zo ki gaya wa baffanki abin da za ki gina." Ki tsaya ki faɗa, a tafa, a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma in kumbura. Yaran mutane ana sayo musu 'yar tsana, ke rula da fensir nake kawo miki. Da lokacin zaɓen fanni ya zo na ce ba zan sa baki ba, kuma ban sa ba. Amma kin ga yadda nake zaune, kin ga inda idona yake. Abin da Malam bai yi min da baki ba, ni na yi miki shi da shiru.

Ban ga wannan duka da kaina ba, kada in ci yabon da ba nawa ba. Makon jiya muna zaune a barandar nan da rana, Mamanki tana tsinke ganyen lalo, ni ina ta zuba kan yadda kamfaninku ya yi sa'a. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ka taɓa kallon fuskar yarinyar nan idan tana maganar kwana da kwalta?"

Na ce, "Murmushi take yi mana."

Ta ce, "Murmushi take. Irin na mai ɗauke da tulu a ka. Za ta gaishe ka, za ta yi dariya, amma ba ta juya wuya."

Na ce ta bar zancen nan, ai ke kika nemi aikin da kanki. Ta ce, "Alƙawari kaya ne, kai ka sani. Kai ka ɗora mata tun ba ta da haƙori. Ka tuna ranar da ta nuna aikinta na ƙarshe a jami'a?"

Na tuna, Ummi. Na so in ce ban tuna ba. Rumfuna kika zana don matan da ke jiran bas a Giza cikin rana, masu kaya da masu goyo. Kin yi su yadda inuwa za ta riƙa bin wurin zama daga safe har yamma, kin sa wurin ajiye kwando, kin sa ɗan tudu da tsohuwa za ta taka ta hau mota. Kina bayani hannuwanki suna tashi sama, Hausa da Larabci suna karo a bakinki, mayafinki ya zame ba ki ma sani ba. Ban taɓa ganinki haka ba. Da kika gama kika juyo wurina, me na ce? Na ce, "Tamam, wannan zai taimaka miki wajen zana rumfar 'yan kallo." Na ga hannuwanki sun sauka. Na gani a lokacin, na kawar da kai. Ki yafe min wannan, ya fi sauran ciwo saboda bai daɗe ba.

Karatun da na baro a Abbasiya bai tafi a banza ba, ga ranarsa ta zo. Malamanmu sun karantar da mu cewa maganar yaron da bai balaga ba ba ta hawa kansa. Yarinya mai famfara ba ta da alƙawari. Ko da tana da shi, wanda aka yi wa yana da ikon ya yafe. To na yafe. Na faɗa da baki a gaban Mamanki, ita ce shaida, yanzu kuma na rubuta. Na sauke miki, Ummi. Babu wata hanya a bayan kowane dutse da ke jiran ki.

Ba cewa nake ki ajiye aikin ki dawo ba, kada in sake yanke miki hukunci ta wata ƙofar. Ki je ki gani. Mai yiwuwa idan kayan ya sauka ki tarar kina son sana'ar nan don kanta, ki tsaya a bakin fili da safe ki ji abin da na ji a kan gada. In haka ne, ki zana taki, wadda ban taɓa mafarkinta ba. In kuma kin duba kin ga zuciyarki tana wurin matan nan da ke tsaye a rana, ki bi ta, ko a nan, ko a gida, ko inda Allah Ya kai ki. Ba wanda zai ce kin kasa.

Auta kuma ki bar min abata. Na gano ashe a takarda ta fi min daɗi. Ba wanda ya taɓa jin ciwo a kanta, ba a sare mata dabino ko ɗaya ba, awaki suna nan suna bin hanyarsu. Da safe idan na sha shayi nakan rufe ido in shiga mota in bi ta, kuma a can, ki gaya wa Mamanki, ba mai keken da ke wuce ni. Wannan ya ishe ni, wallahi ya ishe ni.

Saura abu ɗaya. Na san lambar takalminki, na san ba kya cin albasa ɗanya, na san yadda kike cije leɓe idan layi ya ƙi miƙewa. Amma da na zauna rubuta wasiƙar nan na nemi in faɗi abin da 'yata take so a duniya, sai na ga ban sani ba. Ko rumfunan nan ma zato nake. Tun kina ƙarama nake gaya miki, ban taɓa tambayarki ba. Idan kin huta, kin gama fushi da ni kan bututun nan, ki kira ni da rana lokacin da kike da sarari. Tambaya ɗaya zan yi miki: Ummi, me kike so ki zana? Daga nan zan yi shiru. Ko za ki daɗe ba ki amsa ba, ko za ki ce ba ki sani ba tukuna, zan riƙe wayar in jira.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa cin abinci, ki riƙa kiran Mamanki ko ba ki da labari. Na ba wa Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa. Allah Ya yi miki albarka, uwata.

Wassalam.

Naki,
Abba